Zaman bana ya ƙare, wa za mu kira baɗi?

Sakatariya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena. Kamar yadda aka faɗa a zaman ƙarshe na ƙungiyarmu ta mata, mun rufe na bana sai bayan ƙaramar Sallah in Allah ya kai mu. Hajiya Shugaba ta ce in buɗe magana a nan gurup kowa ta faɗi abin da ta gani a zaman nan shida da muka yi da baƙi, wanne ya amfane ta wanne bai amfane ta ba, sannan wa take so a kira baɗi. Dan Allah a rubuta, kar a turo murya mai minti tara, wayata ta cika.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ni dai in za a faɗi gaskiya a faɗa, in kuma za a yi ta "masha Allah an yi ƙoƙari" ne to in koma wankina.

Hajiya Shugaba: Faɗi gaskiyarki ɗiyata, don ita aka buɗe.

Maman 'Yan Biyu: To Hajiya ki yi haƙuri da abin da zan ce. Baƙuwar nan da aka ɗauko daga Abuja ni har yau ban san me ta koya mana ba. An ce ƙarfe goma, na baro yara wajen maƙwabciya, na biya mai napep daga Ƙofar Marusa, muna zamne har aka kira azahar ba ta iso ba, da ta iso kuma ta ɗauko takarda tana karanto mana da turanci tana ɗan yayyafa Hausa, wai mu zama masu dogaro da kai mu yi tunani babba, aka tafa aka yi hoto aka watse. Na dawo gida maigida na tambayata me aka ce, wallahi na rasa abin faɗi sai na ce mashi an ce mu dage.

Amarya: 😂😂 an ce mu dage

Ma'aji: Tunda an taɓo wannan bari in sa baki don littafin yana hannuna. Zaman nan guda ɗaya ya ci fiye da rabin abin da muka tara a shekara. Kuɗin ɗakin taro, man janareto, lasifika, abinci a roba na mutum ɗari da wani abu, ruwa da lemo, kuɗin mota da masauki na baƙuwa da mai rakiyarta, sai turaren wuta da atamfa da aka ba ta. Sauran zama biyar ɗin in an haɗa su gaba ɗaya ba su kai shi ba. Ban ce an ci kuɗin kowa ba, ko sisi akwai rasit, ina dai faɗin inda ya tafi.

Hajiya Shugaba: Na ji, kuma ni na kawo shawarar kiranta don haka laifin a kaina yake in laifi ne. Amma ku bar ni in faɗi dalilina. Ƙungiya ba ta girma a cikin tsakar gida kaɗai. In kuna son wata rana a ce za a raba keken ɗinki ko injin markaɗe a tuna da ku, sai an san da zamanku, kuma irin waɗannan mutanen su ne ke shiga inda ba mu shiga. Hoton nan da kuke rainawa shi ya sa aka kira ni aka tambaye ni mu nawa ne, muna da rajista ko ba mu da ita. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Maman 'Yan Biyu: Haka ne Hajiya, amma wata nawa yanzu, ko zare ɗaya ba mu gani ba balle keke.

Anti Nas: Ni ban so mu tsaya kan wannan matar kaɗai, mutum ce ta zo ta tafi. A duba wanda ya yi aiki. A wajena zaman yoyon fitsari shi ne na ɗaya, ba don harkar asibiti ce tawa ba. Kun tuna da aka fara kowa ta sunkuyar da kai, amma da 'yar'uwar nan da ta daɗe tana aikin jinya ta ɗauko ƙwarya da lemon zaƙi ta nuna yadda kan jariri ke danne mafitsara a jikin ƙashi in naƙuda ta yi tsawo, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya huje fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa, sai ga tambayoyi har muka ci lokacin la'asar. Da yawa a cikinmu sun taso ana ce masu aljanu ne ko sammu ko wai yarinyar ce ta yi raki. Ga kuma yankan gishiri da ta yi bayani, wanda wasu ke yi da aska wai don buɗe hanya, shi ma yana jawo shi. Kuma abin kunya ne a ce muna cikin garin Katsina, asibitin Babbar Ruga na nan kusa da mu, tun shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan Dakta Kees yake ɗinke mata a wurin har wurin ya zama cibiya ta ƙasa, mata na zuwa daga wasu jihohi har daga Nijar, amma wasunmu ba su san ana warkewa ba.

'Yar Daura: Anti wallahi ni shaida ce. Bayan zaman nan na kira gida na sa aka kawo wata yarinya daga ƙauyenmu, shekara biyu tana ɗaki ita kaɗai, miji ya sake ta, ko kwanon abinci daban ake ware mata. An yi mata aiki, yanzu haka tana wajen iyayenta lafiya lau, an dai ce ta kiyaye in ta sake aure ta samu ciki ta haihu a asibiti. Ban faɗa a zama ba saboda sirrinta, yanzu ma ban faɗi suna ba. Kuma nawa aka kashe a wannan zaman? A gidan Hajiya aka yi kan tabarmi, zoɓo da cincin.

Ma'aji: Kuɗin napep ɗinta kawai, shi ma da ƙyar ta karɓa.

Malama: Alhamdu lillah, Allah ya saka maki 'Yar Daura. Ni kuma kar a ce ina yabon kaina tunda ni na kawo malamar, amma zaman gado ya kamata a maimaita shi baɗi, don rabi muka yi lokaci ya ƙare.

Uwar Marayu: A maimaita dan Allah. Ni da na san abin da na ji ran nan shekara bakwai da suka wuce da ba a yi mani abin da aka yi mani ba. Da maigidana ya rasu ina cikin takaba ƙannensa suka zo suka ce su ne za su riƙe gona da shago wai har yara su girma, ni kuma ina ganin ai haka addini ya ce tunda su maza ne, ban ce uffan ba. Sai a zaman nan na ji da kunnena cewa in mamaci ya bar ɗa namiji to 'yan'uwansa ba su da ko ƙwandala a gadon, ɗan ya tare su. Ina da maza biyu fa. Na koma gida ran nan ban yi barci ba.

Amarya: Innalillahi. Malama dan Allah ki sake lissafin nan da aka yi a allo, ni lokacin jaririna na kuka na fita.

Malama: To. Asalin rabon yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da kuma ta ƙarshe, ta 176. Kafin a raba komai sai an yi wa mamaci sutura, an biya bashin da ake bin shi, har da sauran sadaki in bai gama biya ba, sannan wasiyya in ya bari, ita ma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Misalin da ta bayar: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, mahaifiyarsa, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, abin da ya rage bayan bashi naira miliyan 2 da dubu 400. Matar tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, dubu 300 kenan. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida, dubu 400. Saura miliyan 1 da dubu 700 na 'ya'ya, a kasa shi biyar saboda namiji na ɗaukar rabon mata biyu, kowane kashi dubu 340, mace ta ɗauki ɗaya maza su ɗauki dubu 680 kowanne. In matan aure biyu ne ko huɗu wannan tumunin dai shi za su raba a tsakaninsu, ba kowacce da nata ba. In kuma babu ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji to rubu'i ne, ɗaya cikin huɗu. Amma kar wata ta ɗauki wannan ta je ta raba gadon gidansu, mutum ɗaya in ya ƙaru ko ya ragu lissafin na canzawa, a je wajen malami ko kotun shari'a.

Uwar Marayu: Na je ai Malama. Ban kai ƙara ba tukuna, babban yayana na sa ya same su da maganar, an mayar da shagon, gonar ce ake ta ja. Ni dai abin da nake roƙo baɗi a kawo wadda ta san yadda ake bi a kotu, me ake rubutawa, wa ake gani, don tsoron wurin ne ke hana irinmu zuwa.

Sakatariya: Na rubuta: gado kashi na biyu, da lauya mace ko ma'aikaciyar kotu.

Maman 'Yan Biyu: Ni kuma nawa gwanin Gwaggo ce. A tuna fa ba ta cikin jerin baƙi, wanda aka gayyata ne ya turo saƙo da safe wai tafiya ta kama shi, aka rasa yadda za a yi aka ce Gwaggo ta ɗan riƙe mu da hira. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Matar da ba ta taɓa zama aji ba ta tambaye ni tiyar gyaɗa nawa kike saye, na faɗa, kuɗin niƙa fa, na faɗa, itace fa, na yi shiru, gishiri da yaji fa, leda fa, yarinyar da ke kai maki kasuwa me kike ba ta, ke kuma da kika wuni gaban wuta nawa ne ladanki. Da aka haɗa sai ga shi shekara uku ina ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ina yi wa mutanen unguwa aiki kyauta, har da ɗan ciko daga kuɗin cefane.

Amarya: Gwangwani uku! Ni ma na fara wallahi, na madara na samu na rubuta a jiki.

Gwaggo (jikarta ce ke rubutawa): Gwaggo ta ce a gaishe ku duka. Ta ce ita ba lacca ta yi ba, abin da uwarta ta koya mata ne. Gwangwani ɗaya na uwar kuɗi, wannan ko mutuwa aka yi ba a taɓa shi. Ɗaya na riba, daga nan ake zubin adashe. Ɗaya na gida, in ya ƙare ya ƙare. Ta ce abin da ke kashe sana'ar mace guda biyu ne, bashin 'yan'uwa da anko, wai mai cin uwar kuɗi kamar mai yanka kazar da ke mata ƙwai ce. Ta ce kuma a daina kiranta gaban mutane, kunya take ji.

Hajiya Shugaba: Ki ce wa Gwaggo ba ta isa ba, baɗi ma sai ta yi 😄 Amma ku lura, ita ma Gwaggo iyakarta gwangwani. In Maman 'Yan Biyu na son man gyaɗarta ya shiga manyan shaguna sai da lambar NAFDAC da rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wannan kuwa dole a nemo wanda ya sani daga waje. Abin da nake faɗa kenan, na gida da na waje kowa da ranarsa.

Ma'aji: Ba wanda ya ƙi na waje Hajiya. Malamar gado daga waje take, mai jinya daga waje take. Abin da muka ƙi shi ne na waje mai tsada wanda bai san ko su wa yake wa magana ba. In ma'aikacin NAFDAC ne ai akwai su a nan cikin gari, ba sai an biya masauki ba.

Anti Malamar Boko: Sai yanzu na shigo, na karanta tun daga sama. Ba wanda ya ambaci fitar da muka yi, ko ni kaɗai ta burge? Ni an haife ni a Katsina, na yi shekara arba'in ina wuce hasumiyar Gobarau, ban taɓa shiga ba sai ran nan. Da malamin tarihin nan ya ce ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma masallaci ce da wurin karatu tun kafin jihadi da ɗaruruwan shekaru, sai na ji kunyar ɗalibaina da nake koya wa tarihin wasu ƙasashe. Haka tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi, ɗiyata har yau tana maganar ginin ƙasar nan.

'Yar Daura: Baɗi sai Daura in sha Allah, ku zo ku sha ruwan Kusugu ku ga garin da mata suka yi sarauta tun kafin zuwan Bayajidda. Katsinawa ku riƙa tunawa mu ne manya 😌

Amarya: An fara 😂

Anti Malamar Boko: Ba wasa ba, abin da ya tsaya mani a rai shi ne abin da ya faɗa kan Nana Asma'u ɗiyar Shehu. Ba ta jira mata su taru a wani babban ɗaki ba. Ta zaɓi manyan mata masu hankali ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, su ke zuwa wajenta su koyi karatu cikin waƙoƙi na Hausa da Fulatanci su koma ƙauyukansu su koyar, su ne 'Yan Taru. Ta rasu tun 1864 amma tsarin bai mutu ba. To mu me ya hana mu yi haka? Mu nawa ne ke iya zuwa zama? Matan da suka fi buƙatar jin maganar naƙuda da tamowa ba su cikin gurup ɗin nan, ba su da babbar waya, wasu ma ba a barinsu fita. Duk wadda ta zo zama a ɗora mata ta koma ta tara mata biyar ko goma na layinsu ta maimaita masu.

Anti Nas: Wannan ita ce magana. Zaman tamowa ma abin da ya dame ni kenan, waɗanda suka zo duk 'ya'yansu ɓul-ɓul, masu abin suna can bayan gari, musamman 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga wajen Batsari da Jibiya da Safana suna zaune a kangaye. Awon hannun nan da aka nuna mana ba ya buƙatar boko, ɗan tef ne mai kala uku, a naɗa a damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ko ƙafafu sun kumbura in an danna wurin ya lotsa, asibiti kai tsaye ba jiƙo ba. Sai garin kunun nan na gero da waken suya da gyaɗa, da nono zalla wata shida ba ruwa. Wannan kowace ɗaya cikinmu za ta iya faɗa a tsakar gidan wata.

Malama: Na goyi baya, amma da sharaɗi. Maganar lafiya a maimaita, maganar hukuncin addini kar kowa ta zama mai fatawa. Kuma a nemi izinin masu gida kafin a shiga, kar a ce ƙungiyarmu na zuga mata.

Maman 'Yan Biyu: Ai an riga an faɗa Malama, tun zaman gado wani a layinmu ya hana matarsa zuwa wai muna koya masu ƙarar miji.

Hajiya Shugaba: Shi ya sa nake taka-tsantsan da irin batutuwan da ake zaɓa. Ku yara jininku na tafasa, ni ce ake kira in an ji wani abu. Ba na hana gado, Alƙur'ani ne, wanda ya ƙi shi ya san da wa yake faɗa. Amma a riƙa sa mai unguwa da limami cikin sani.

Amarya: Ni tambayata, baɗi za a kira namiji ko mata zalla? Don gaskiya ran malamin tarihi ba matsala, amma in maganar jiki ce ni ba zan iya buɗe baki ba.

Anti Nas: Ta jiki mace za a kawo. Ina da biyu a raina. Na farko gwajin jini kafin aure saboda sikila, don har yanzu akwai masu ganin in AS ta auri AS wai ɗa na huɗu ne kawai zai fito da ciwon, alhali kowane ciki da kansa yana da kashi ɗaya cikin huɗu, ana iya jera uku duk SS, ana iya kuma a haifi biyar ba ko ɗaya. Kuma a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba sai an sa rana an ɗinka anko ba sannan a zo ana kuka. Na biyu rigakafin kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a ƙasar nan tun Oktoban 2023, jita-jita ta yi yawa a kai, gara a kawo likita mace kowa ta yi tambayarta ta yanke wa ɗiyarta hukunci da sani.

Uwar Marayu: A ƙara da masu damfara ta waya. An kira ni wai daga banki, wai za a rufe asusuna in ban karanto lambar da aka turo ba, Allah ya taimake ni ɗana na kusa ya fizge wayar.

Ma'aji: Wannan ba sai an kira kowa ba, ni zan yi shi a minti goma: banki ba ya kiranki ya tambayi lambar sirri ko lambar da ta shigo ta saƙo ko BVN, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ki kashe. Na gama, a ba ni atamfata da turaren wuta.

Amarya: 😂😂😂 Anti Ma'aji ba dama

Hajiya Shugaba: Na ji habaicin, na kuma shanye.

Ma'aji: Tuba nake Hajiya, wasa ne. Amma ga shawara ta gaske. A sa doka, kuɗin da za a kashe wa zama ɗaya kar ya wuce zubin wata ɗaya. Abin da ya yi saura a sayi tef ɗin awo da na'urar gwada hawan jini guda biyu su riƙa zagayawa, tunda Anti Nas ta ce daga 140 bisa 90 abin dubawa ne kuma rabinmu ba mu san namu ba. Kuma a soke ankon rufe shekara. Na san mata uku da suka daina zuwa saboda shi, ba za su faɗa ba ne kawai, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin napep ma da ƙyar wasu ke haɗawa.

Maman 'Yan Biyu: A soke!

'Yar Daura: Ni fa ina son anko gaskiya, sau ɗaya ne a shekara. A bar shi ga mai so.

Malama: In an bar shi ga mai so, marar shi za ta zauna gida ranar. Ko a yi duka ko a bari duka.

Anti Malamar Boko: A ce kowa ta sa farin hijabi ko farin mayafi, ba wadda ba ta da shi.

'Yar Daura: To na yarda, amma tafiyar Daura na nan ko?

Sakatariya: Tana nan in an samu mota. Ga abin da na tattara, a gyara mani in na yi kuskure: gado da hanyar kotu, sikila, rigakafin 'yan mata, NAFDAC da rajista daga ma'aikatan nan gida, Gwaggo karo na biyu, Daura. Kowace mai zuwa ta maimaita wa matan layinsu. Sauran lokaci, Asabar da safe ko bayan la'asar?

Amarya: Da safe dan Allah, in aka ce la'asar magariba ke riskarmu a hanya, ni kuma ba a yi mani uzuri.

Anti Malamar Boko: Asabar da safe akwai masu kai yara Islamiyya, sai dai ƙarfe sha ɗaya.

Maman 'Yan Biyu: Sha ɗaya ta gaskiya ko irin ta Abuja?

Hajiya Shugaba: Ke dai ba ki mantuwa. Sha ɗaya, baƙon da ya wuce rabin awa a fara ba shi. Maganar kuɗin zama na yarda da ita, amma ina neman alfarma guda: a bar mani zama ɗaya a shekara da zan kira wanda nake ganin zai buɗe mana ƙofa, abincin ranar kuma daga aljihuna. In baɗi war haka ba a ga komai ba ni da kaina zan ce a daina.

Ma'aji: In daga aljihunki ne Hajiya ko biyu ki kira. Ɗakin taro fa?

Hajiya Shugaba: Tsakar gidana, a kafa rumfa.

Malama: Ni ban gamsu ba gaba ɗaya, don lokacin mata ma dukiya ne ba kuɗi kaɗai ba, amma tunda shugaba ta nemi alfarma ba zan ja ba. A dai gaya wa ko wace ce ta yi mana da Hausa.

Gwaggo (jikarta ce ke rubutawa): Gwaggo ta ce in dole sai ta sake yi to a zo gidanta ranar da take suyar gyaɗa, ita ba ta iya magana hannunta ba ya aiki. Ta ce kowa ta zo da tiyarta da itacenta.

Sakatariya: An rubuta. Wadda ba ta biya zubin watan jiya ba ta ga Anti Ma'aji kafin azumi. Sannan wadda ta tafi da babbar kular Hajiya mai ruwan ƙasa ran rufewa dan Allah ta dawo da ita, murfin na wajena.

Amarya: Laa, tana wajena, na ɗauka ta Anti Nas ce. Gobe in an taso daga makaranta zan aiko yaro.